Yadda Inna Ta Tone Min Tsakar Gida

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifinmu, na je Babban Mutum na ɗauko mahaifiyata na kawo ta gidana a Daura. Ba da son ranta ta taho ba, sai da kawunmu ya sa baki. Ni kuwa cike nake da alfahari, domin ban daɗe da gama ginin ba, kuma babu abin da nake taƙama da shi kamar tsakar gidan. Na sa an shimfiɗe shi kaf da intalok, duwatsun simintin nan da ake jerawa, ja da fari, ko ina tsaf. Duk baƙon da ya zo sai na san yadda na yi na tsayar da shi a wurin har ya yaba.

Na ware wa Inna ɗaki mai fanka da talabijin, na ce mata, "Inna, wahala ta ƙare. Ki zauna ki huta kawai."

Ta zauna kuwa. Tun safe za ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofarta, ta zuba wa bango ido har la'asar. Matata ta yi tuwon dawa, ta dama fura, ta yi ɗanwake, Inna sai ta taɓa kaɗan ta ture kwanon. Zanenta ya fara yi mata yawa. Na kai ta asibiti, likita ya ce jininta ya hau, a rage mata tunani. Na dawo ina ta masifa a mota ni kaɗai. Wane tunani kuma? Me ta nema ta rasa?

Ranar da aka yi ruwan farko na damina, na taso daga aiki da yamma, na buɗe ƙofar gida zan shigo da mota, sai na taka birki. An ɗaga duwatsuna na gefen katanga an tara su kamar kayan gwanjo. Ga Inna ta ɗaure ƙugu da ɗankwali, da fartanyar maƙwabta a hannu, tana kaftar ƙasa.

Na ce, "Inna! Lafiya? Me ya faru a nan?"

Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Kai wannan, ashe duk yashi ka zuba a ƙasan abin nan. Ina kuɓewa za ta fito a yashi?"

Na juya wajen matata, wadda ta laɓe a ƙofar kicin tana danne dariya. "Ke kina kallo aka yi wannan?"

"To Malam, Inna ce fa. In riƙe mata hannu?"

Na ce a raina ɗan wuri ne, kwana biyu za ta gaji. Ban san Inna ba ke nan. Washegari aka kawo mata takin awaki daga maƙwabta, buhu-buhu, aka juye a gidan da nake sa wa turaren wuta. Kuɓewa ta fito, rama ta biyo, sai yakuwa. Duk mako sai na tarar layi ɗaya na intalok ya ɓace. Kabewa ta yaɗu ta haye tankin ruwa, ta naɗe farantin talabijin, ranar da ake buga wasan ƙwallon da na fi jira a shekarar ban ga komai ba sai ruwan toka. Mota ta koma kwana a waje. Sai ga kaji, wai kyautar wata ƙawarta daga Zango. Wata safiya na zura ƙafa a takalmin zuwa ofis na ji abu ya fashe. Ƙwai ne.

Ranar ce haƙurina ya ƙare. Ba zan iya ɗaga wa Inna murya ba, don haka na yi abin da matsorata ke yi. Na kira birkilan da ya yi min aikin tun farko, na ce gobe da hantsi ya je gidana ya gyara tsakar gidan. Ni kuma na shirya yin sammakon fita, kada a yi a gabana.

Da na gaya wa matata, sai ta ajiye tsintsiyar hannunta. "Malam, ka lura da kwanon Inna kwanan nan? Jiya har ƙari ta nema."

Na ce, "Ta ci gaba da ci mana. Sai an mayar min da gida gona?"

Washegari ina ofis amma hankalina na gida. Na dawo da azahar, ina shirya kalaman ba da haƙuri. Tun daga waje na jiyo hayaniya. Na shiga na tarar da birkila ya tuɓe riga, gumi na zuba, yana ɗaga sauran duwatsun da suka rage ta wajen famfo. Inna na tsaye a kansa tana nuna masa da sanda. Matan maƙwabta sun cika gidan, kowacce da kwanon ganye a hannu.

Na ja shi gefe. "Kai, me na aiko ka?"

Ya share goshi. "Ranka ya daɗe, ina yin sallama Hajiya ta ce, 'Madalla, yaron nan ne ya turo ka ka taya ni?' Ta kawo min fura, ta yi ta sa min albarka. Ni da wane bakin zan ce mata a'a?"

Kafin in ce wani abu, Inna ta hango ni. Ta juya wajen matan, fuskarta a washe, irin dariyar da rabona da gani tun mahaifinmu na da rai. Ta ce, "Kun ga wannan? Bai cika magana ba, amma ya ga bayana na ciwo, ya nemo min mai ƙarfi. Allah ya yi masa albarka." Matan suka amsa da amin, gidan ya ɗauka.

Har yau ban sani ba ko da gaske ta ɗauka haka ne, ko kuwa ta gano ni ta ɗaure ni da jijiyata. Na dai tsaya a wurin da jakar ofis a hannu na ce amin tare da su.

In kun tambaye ni ko na daina jin haushi, ban daina ba. Duk damina sauro na cinye mu, kaji na shiga falo kamar da su aka yi ginin, ni da motata kuma mun saba da rana. Abin da na fahimta kawai shi ne, na shirya wa Inna irin jin daɗin da ni nake so, ita kuwa nata yana cikin ta tashi da asuba ta tarar da abin da ke jiran hannunta. Jininta ya sauka, ƙibarta ta dawo, ta daina zancen komawa ƙauye.

Makon jiya ina shan shayi a falo ta shigo, ta daɗe tana ƙwanƙwasa tayil da sandarta, sannan ta ce, "Kai wannan, nan ma yashi ka zuba?"

Na ce mata dutse ne, Inna, har ƙasa. Allah ya yafe min.