Wandon da Na Ce Ya Ɓoye a Ƙarƙashin Jallabiya

Ni ɗan kasuwa ne da ban gaji jari a wurin kowa ba. A wani ƙauyen Hausawa kusa da Managil a ƙasar Sudan aka haife ni, mahaifina yana ƙwadago a hawashar wani, wato gonar da ake shayarwa da ruwan tur'a, magudanar da aka haƙa don noman rani. Da tallar safa a tashar mota na fara, har na kama shago. A lokacin da nake ba da labarinsa, ina ɗaukar kaina mutumin da ya fi kowa sanin abin da zai tafi a kasuwa. Na riga 'yan'uwana lura cewa samarinmu sun rage zuwa wurin tela, abin da suka gani a waya shi suke so: faffaɗar riga, riga mai hula, takalmin kambas, wando mai aljihu ko'ina. Sai na riƙa bin shafukan masu butik na Hartum, in zaɓa a hoto, in biya ta waya, kaya su iso mini a bas.

Sarin da na yi na ƙarshe kafin ƙasa ta rikice shi ne wasu wanduna masu dabbare-dabbaren kore da ruwan ƙasa, irin na soja. Yayinsu ake yi, samari suka yi ta rububi. Ba a jima ba bindiga ta fara magana, aka cika hanyoyi da shingaye, kowa ya san tufa irin wannan tana iya kai mutum lahira. Tsohon telan da ke maƙwabtaka da shagona ya ce in ƙona ragowar. Na ce masa yadi ba harsashi ba ne, na ɗaure su a buhu na tura bayan kanta.

Kasuwa ta mutu tsawon watanni. Ana nan sai ga ɗan kawuna, taubashina, magidanci mai 'ya ɗaya da mata mai tsohon ciki. Zai tafi yankan riɗi wajen Damazin, yana neman wando mai ƙwari. Ya shigo da tsiyarsa da ya saba, wai attajirin tsumma ba shi da komai sai kayan 'yan gayu da ke yagewa tun kafin su ga sabulu. Na ce ai ƙafafunsa da suka yi kama da na zalɓe ba su cancanci wandon kirki ba, na kuwa janyo buhun nan. Da ya gani sai dariyarsa ta tsaya. Ya tambaye ni ko so nake matarsa ta shiga takaba. Na ce ya sa shi a ƙarƙashin jallabiya, wa zai ɗaga wa mutum jallabiya a hanya, kuma a gonar riɗi babu mai kallonsa sai tsuntsaye. Ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba, na san haɗarin. So kawai nake ko guda ɗaya ya fita daga hannuna. Shi kuwa ya yarda don ni ne mai yawon hanya, yana ganin na fi shi sani.

Kwana biyu da tafiyarsa direban lorin da ya hau ya kira ni. A wani shinge kusa da Suki an ce kowa ya sauka, taubashina ya tattare jallabiyarsa zai diro, masu bindiga suka ga wandon. Suka ce mayaƙi ne ya ɓad da kama, suka jefa shi a mota. Na je na gaya wa kawu an tsare ɗansa, amma ban faɗi dalili ba. Shehun ƙauyenmu kaɗai na faɗa wa komai. Dattijon ya ce in ɗauko ragowar wandunan a cikin ledarsu, da wayata, mu tafi. Na so in cusa su ƙasan kujera, ya ce ɓoyon da na koya wa mutum ɗaya ya isa. A cinyarsa ya ɗora su, duk shingen da muka iso shi ke fara nunawa yana bayani.

Sai da muka yi kwana shida muna bin wurare kafin a kai mu gaban shugaban waɗanda suka tsare taubashina. Na buɗe masa shafin butik ɗin, ya ga samari sanye da wandon da takalman kambas, ya ga hirar cinikina da mai kayan tun kafin rikici. Ya ɗan yi dariya, ya ce da Larabci to idan ado ne, me ya sa aka ɓoye shi. Ya ce tambayar da suke yi wa mutumin ke nan tun ranar farko, amma ya ƙi cewa komai sai dai ra'ayinsa ne. Na ce ni na sayar masa, ni kuma na ba shi shawarar ɓoyewa. Ya ƙwace kayan, ya sa a sake shi, ya ce idan ya sake jin labarina ni zan kwana a inda ɗan'uwana ya kwana.

Da aka fito da shi ban iya haɗa ido da shi ba. Ya rame, fuskarsa a kumbure, kunnensa na hagu kuma har yau ba ya ji da shi. Yankan riɗin shekarar ya wuce shi. A cikin mota na fara ba shi haƙuri, ya tare ni, ya ce in rufe maganar nan har abada, domin mahaifinsa da mahaifiyata ciki ɗaya suka fito, ba zai so wando ya raba su ba. Shehu ma bai gaya wa kowa ba. Shi ya sa har yanzu kawu yake tsayar da ni a ƙofar masallaci yana sa mini albarka, yana gaya wa mutane ni ne na bi hanyar mutuwa na ƙwato masa ɗansa. Ina amsa amin.

Abin da na koya shi ne, wanda ya sayi kaya a hannunka don ya yarda da kai, ba kayan kaɗai ya saya ba, har da maganarka ya tafi. 'Yan'uwana masu saro tufafi ta waya, abin da ya yi kyau a hoto ba shi da labarin hanyar da mai sa shi zai bi, ku ne kuka sani. Idan kun san haja tana iya cutar da mutum, ku ƙona ta ku ɗauki asarar. Samari kuma, duk tufar da aka ce sai kun ɓoye ta kafin ku fita da ita, ku ajiye wa mai shagon abinsa, ko da ɗan'uwanku ne.