Ba a Binne Yafet da Rigar Aro Ba

A Zonkwa, in mutum ya rasu, kafin a je wajen mai akwati ana aikawa gidan Malama Hulda. Ita ce mai rubuta tarihin mamaci, wannan da ake bugawa a ɗan littafin jana'iza tsakanin hoton marigayi da jerin waƙoƙi, babban ɗa ya tashi a coci ya karanta. Tun tana koyarwa a firamare ta fara, don Hausarta ba ta tuntuɓe a takarda, da ta yi ritaya kuma abin ya zame mata sana'a ba tare da ta nema ba. Har daga Manchok ana hawo mashin a zo neman ta.

Aikin ba wuya. Iyalin za su zauna a barandarta su faɗi shekarar haihuwa, wadda yawanci kintace ce, da ta baftisma, da ta aure, da yawan 'ya'ya da jikoki. Sauran ta san shi a ka. Kowane namiji ya tashi cikin tsoron Allah, mai haƙuri ne, uba ga kowa. Kowace mace uwar marayu ce, ginshiƙi a zumuntar mata. Mutumin da unguwa kaf ta san burkutu ne ya kai shi ƙasa, a alƙalamin Hulda gajeriyar rashin lafiya ya yi. Ita ba ta kiran wannan ƙarya. Cewa take sutura ce, kuma ba a binne mutum tsirara.

Abin dariyar shi ne, tuwon da Hulda take tuƙa wa mutane ba shi take ci ba. Mace ce mai son karatu ba kama hannun yaro. In ta shiga Kafanchan sai ta biya wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin kasuwa, ta tsugunna da wannan gwiwa tata mai ciwo tana tono. Na Hausa, na Turanci, mai bango, marar bango, ba ruwanta. Abu ɗaya take nema: labarin mutum mai taurin kai, mai baki, wanda zai yi ɓarna da safe ya yi alheri da yamma, ka rasa ko ka mare shi ko ka rungume shi. In ta buɗe littafi ta tarar jarumin nagari ne tun shafin farko, sai ta yi tsaki ta mayar, ta ce wannan ba haihuwar sa aka yi ba, zana shi aka yi.

To, irin mutumin da take nema a littafi kuwa yana cikin gidanta, yana cin tuwonta. Mijinta Yafet manomin doya da citta ne, gajere, mai muryar da ake ji daga gona. Bai iya gaisuwa mai tsawo ba, bai iya yin shiru ba, kuma da wuya a yi taron unguwa a tashi bai ɓata wa wani rai ba. Shi ne kaɗai yake tsokanar ta a kan aikinta. Wata rana tana rubuce-rubuce a baranda, ya leƙo da fartanya a kafaɗa.

"Malama, wannan abin da kike rubuta wa mutane, in kin gan shi a kasuwa za ki saya?"

Ta ce masa ya wuce ya ba aladunsa dusa. Ya wuce yana dariya. Amma tambayar ta zauna mata, don ta san amsar, kuma amsar ba ta yi mata daɗi ba.

Bayan girbin bara Yafet ya yanke jiki ya faɗi a gona. Aka kai shi asibiti a Kafanchan, bai daɗe ba rai ya yi halinsa. Aka sa shi a ɗakin ajiye gawa har 'ya'ya su hallara. Babban ɗansu Bartholomew, wanda gida ke kira Bato, ma'aikacin gwamnati ne a Kaduna, yana zaune da iyalinsa a Mararaban Rido. Tsakaninsa da uban akwai tsohon ciwo. Bato ya taɓa neman a sayar da wata gona ya yi gini a birni, Yafet ya zage shi tas a gaban mutane, ya ce ya haifi ɗan da zai sayar da kabarin kakanninsa, sannan ya ƙi zuwa bikin aurensa. Tun daga nan gaisuwa ce kawai ke haɗa su. Bato ya zo ya ɗauki hidimar jana'iza da irin ƙwazon mutumin da yake so a gama a tashi. Ya ce kada a dami Mama da rubutu, ta zauna da mata ta karɓi gaisuwa. Ya tafi Kafanchan wajen mai buga takardu, wanda duk tarihin da Hulda ta taɓa rubutawa yana ajiye a kwamfutarsa, ya dawo da littattafan a kwali.

Hulda na kan tabarma a tsakiyar mata aka miƙa mata guda. Ta sa tabarau. Layi biyu ta karanta ta gane hannunta. Tarihin da ta rubuta wa marigayi Samson ne, wani dattijon coci da ko kaza ba ya kora da ƙarfi. An cire sunan Samson an sa na Yafet, an gyara shekaru da yawan jikoki, shi ke nan. Mai sanyin hali, in ji takarda, bai taɓa ɗaga murya ga kowa ba. Ta ɗaga kai ta dubi ɗakin. Ƙannen Yafet sun karanta, 'ya'yansa mata sun karanta, kowa yana cewa ya yi kyau, Allah ya sa ya huta. Ba wanda ya ga wani abu.

Wannan ne ya soke ta. Ba ta ji haushin mai bugawa ba, ba ta ma ji na Bato sosai ba. Kunya ce ta fara kama ta, sannan fushi ya biyo. Ashe duk shekarun nan riga ɗaya take ɗinkawa, kowa ya mutu a zura masa, ta yi daidai. Yanzu ga shi za a zura wa nata mijin, a rufe shi a matsayin wani mutum da ba ta taɓa aure ba, jikoki su tashi su karanta su ɗauka kakansu kenan. Ta ce a ranta, in dai tana numfashi ba za a yi haka ba.

Ta kira Bato bayan ɗaki ta gaya masa za ta rubuta wani. Ya ce an riga an buga, abokan aikinsa za su zo daga Kaduna, har da ogansa, kuma me za ta rubuta da ba tonon asiri ba?

"Mama, ki bari ya tafi da mutuncinsa."

"Wannan mutuncin Samson ne," in ji ta. "Samson kuwa ya riga ya tafi da abinsa."

Matan zumunta suka yi mata caa, suka ce ina aka taɓa ganin gwauruwa ta tashi gaban coci gawar mijinta na ajiye. Ta ce yanzu za a gani. Ta ɗaura zane ta tafi gidan Fasto da ƙafarta. Fasto ya ce babu dokar da ta hana, amma ba a saba ba, ya lallashe ta ta bari ya duba abin da za ta karanta. Ta ce zai ji tare da kowa. Ya tuna ita ta koyar da shi a aji uku, ya ce Allah ya ba da ƙarfi.

Rubutun ne ya ba ta wuya, ba mutanen ba. Ta zauna a ƙarƙashin mangwaro kusa da garken aladu, inda masu gaisuwa ba sa zuwa, sai ta ga hannunta ya saba da hanya ɗaya. Kafin ta ankara ya rubuta "mai haƙuri". Ta yage. Ta sake, ya rubuta "uba ga kowa". Ta yage. Ita da ta rubuta wa rabin garin nan, ta kasa haɗa layi uku a kan mutumin da ta fi sani a duniya. Daga ƙarshe ta ajiye biro ta tambayi kanta, in da a bakin kasuwa ta tsinci labarin nan, wane layi ne zai hana ta mayar da shi? Da ta samu layin sai sauran suka biyo.

Ranar jana'iza coci ya cika har waje. Da Fasto ya ce lokacin tarihi ya yi, Bato ya miƙe da ɗan littafinsa, Hulda ma ta miƙe da takardunta. Ba yadda zai yi ya ture uwarsa a gaban jama'a, sai ya tsaya gefenta fuska a ɗaure.

"Mijina Yafet ba shi da haƙuri," ta karanta.

Can baya tsoho Andrawus, wanda ya yi shekara da shekaru yana rigimar iyakar gona da marigayin, ya ce gaskiya ne, da ƙarfi fiye da yadda ya yi niyya. Dariya ta ƙwace wa mutane, wasu suna toshe baki. Hulda ba ta ɗaga kai ba. Ta karanta yadda mawaƙan coci suka roƙe shi ya bar ƙungiyar saboda muryarsa tana ɓatar da kowa. Ta karanta yadda ya yi fushi da dattawa a kan rufin coci, ya yi damina guda ba ya shiga, amma kowace Lahadi yana zaune a gindin taga yana gyara wa mai wa'azi. Ta karanta yadda ya ɗauki matar Andrawus a mashin tana naƙuda, ruwa na zuba, ya kai ta asibiti, alhali shi da mijinta ba sa ko gaisawa, kuma da ya dawo ya ci gaba da rigimarsa daga inda ya tsaya. Dariyar ta fara canja sauti. Andrawus ya rufe fuska da hularsa.

Saura sakin layi ɗaya muryarta ta ƙi. Ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Ta gwada kuma, abin ya ci tura. Sai ta miƙa wa Bato takardar, ta nuna masa wurin da yatsa. Ya dube ta, ya dubi jama'a, ya ga ba mafita, ya karɓa ya karanta da muryar ofis.

"Yafet bai taɓa ce wa kowa yi haƙuri ba. Bakinsa bai iya ba. In ya san ya yi maka laifi, gona zai shiga ya zaɓi doya mafi kyau ya aika maka, ba saƙo. Ni matarsa na ci irin wannan doyar ba adadi. Amma wadda ya fi daɗewa yana zaɓa ita ce wadda yake ɗaurewa da hannunsa kowace kaka, ya kai tasha, ya ce wa direba a sauke a Mararaban Rido."

Bato ya tsaya. Ya sake duba layin, leɓɓansa na motsi ba sauti. Ya sunkuyo kusa da kunnen uwarsa, ya manta lasifika na gabansa, coci duka ya ji.

"Mama, ni na ɗauka doya ce kawai."

Hulda ta kama hannun rigarsa ta riƙe gam.

"Karanta," ta ce, "ba ka gama ba."

Ya share fuska da bayan hannu, ya ɗaga takardar, ya ci gaba.