Ruwan Yaji

A shekara ta biyu bayan farin da ya cinye shanun ƙasarmu, wasiƙa ta iske ni a Magariya daga wurin wana, wanda ya shekara ashirin da ɗoriya yana fataucin goro a Yaji, can ƙasar Gana. Rubutun ajami ne, amma ba hannunsa ba ne. Ya ce ciwon ƙirji ya kwantar da shi, in da hali in zo in ɗauko shi, domin a rufe shi kusa da mahaifinmu. Hali kuwa akwai, gama ina da ƙaramar mota wadda gyaɗa ta saya mini tun duniya tana kwance.

Hanya ban yi zaton zan tambayi kowa ba. Mahaifinmu madugu ne, ya kai ayari Gwanja sau tara, ya kuma biya mana sunayen zangon tun muna ƙanana kamar karatun allo: Sayi, Gurma, Gambaga, Yandi, Salga, sa'an nan gulbin Yaji. Ya ce da rani, in ka tsaya a wannan gaɓa ka yi kira, mai fito zai amsa maka daga waccan, jakuna ma iyo suke yi su haye.

Direbana taubashina ne, ɗan kawuna mutumin Bande, wanda bai taɓa wuce Doso ba. Shi ya kawo mini wani dogon mutum daga Dungas, mai sayar da gishiri ran kasuwa, wai ya daɗe yana bin kamyo, manyan motocin kaya, zuwa Gana. Na sa aka shimfiɗa masa buzu a zaure. Bai kai ga shan furar da aka kawo ba sai ya roƙi ganin takardun mota, ya jujjuya su, ya ce sai an kai su biron sufurufe, wato ofishin mai mulkin yankinmu, an buga hatimi, in ba haka ba ƴan duwan, wato kwastan, za su tsare mu a iyaka ta farko. Na karɓe abina na sa a aljihu. Baƙon da ya fara da takardun mota kafin ya tambayi lafiyar mai ciwo, ai ya nuna inda idonsa yake.

Na ce, "Malam, ba ni labarin gulbin Yaji."

Ya ce, "Maigida, babu sauran gulbi. An tare ruwan can kudu, ya komo baya ya cinye gari da gonaki. Ba a hangen gaɓa sai kamar zare. Jirgin fito ne na ƙarfe yake ɗaukar motoci, kuma manyan motocin doya sukan yi layi kwana da kwanaki. In ka yarda, daga Tamale mu bi ta yamma, akwai gada, mu kewayo wa garin ta baya. Na san hanyar."

Na ce, "Mahaifina ya haye ruwan nan sau goma sha takwas, zuwa da komowa."

"Allah Ya jiƙansa. Ruwan da ya haye ba shi ke nan ba."

"To, me za ka karɓa?"

"Ba kome. Wurin zama da abin da kuka ci."

Da ya fita na dubi taubashina na ce, "Ka ji? Ya ƙaryata matacce, ya zaɓa mana hanyar da ba ta cikin zangon kowa, kuma ba ya son lada. Wanda ya ce ba ya son kome, motar yake so."

Ya yi dariya ya ce, "Bawana, kai da ko tafkin bayan gari ba ka taɓa shiga ya wuce gwiwarka ba, yau kai ne sarkin ruwa? Jakunan baba sun mutu, taya ba ta iyo."

Ban kula shi ba. Na sake kiran mutumin sau biyu, ran Juma'a da ran Lahadi, ina juya masa tambaya ko zai yi tuntuɓe. Bai sauya ko kalma ɗaya ba, wannan kuwa ya ƙara mini zargi, domin na ɗauka haddace maganar ya yi. Takardun dai na kai su biro da kaina, aka buga hatimin, ban gaya masa ba.

Al'adar gidanmu ce, ɗan fatake ba ya faɗin ranar tashinsa ta gaskiya, saboda baki da saboda masu tare hanya. Akan ɓoye wa gari ne, ba a ɓoye wa abokin tafiya. Ni kuwa na lissafa mutumin Dungas a cikin mutanen gari. Na ce masa Alhamis, muka ɗaure gangunan mai da tulun ruwa da katifar da za a kwantar da wana, muka tashi Talata bayan sallar asuba.

A iyaka ta farko abin da ɗan duwan ya fara nema shi ne hatimin nan. Taubashina ya yi gyaran murya, na ce ya dubi gabansa. A Tamale ya rage gudu inda hanya ta rabu, ya ce, "Yamma ko kabarin jakuna?" Na ce Salga.

Bayan Salga hanyar mahaifina ta miƙe sosai, ta gangara, ta shige cikin ruwa ta ɓace. Busassun itatuwa suna tsaye a ciki har iyakar gani. Na sauka na tsaya a bakin gaɓa, ban yi kira ba. Motocin doya kuwa sun yi layi tun daga kan tudu, mu ne na ƙarshe. Taubashina ya ce mu koma mu nemi gadar, amma a cikinmu babu wanda ya san ta, man da ya rage kuma ba na ɓatan hanya ba ne. Kwana huɗu muka yi a wurin kafin a ɗora motata a kan jirgi, aka sa mata duwatsu a gindin taya.

Mun iske ana sadakar uku ta wana. Mai masaukinsa ya ce har ranar da ya cika yana sa a duba masa bakin ruwa. Katifar muka komo da ita a naɗe.

Da muka iso Magariya mutumin Dungas ya zo ta'aziyya, ya zauna a kan buzun nan na zaure. Iyali sun gaya mini ya zo ran Alhamis da ƙunshinsa, ya dubi sawun taya a ƙofar gida, ya juya. Bai ambaci wannan ba. Da aka shafa fatiha na ce masa, "Ruwan yana da faɗi."

Ya ce, "Yana da faɗi, maigida."

Ya sa takalmansa ya tafi. Abin da yake nema a tafiyar da babu lada, ban tambaye shi ba a ranar, har yau kuwa ban sani ba.