Gugar Tsakar Rana

Sana'ar mijina sayar wa maƙwabta intanet ce a Bagadaza. Ya kafa rediyoyi biyu masu watsa sabis a kan dogon ƙarfe, sola da batir ke ba su wuta. Idan rana ta take, wutar batir kan fi ƙarfin rediyo. Bai yarda da na'urar daidaita wuta ba. Maganinsa guga: ya jona dutsen guga ya shanye rarar wutar. Har tsummokaran kicin an goge a gidanmu.

Ranar jana'izarsa babu wanda ya yi guga, rediyo ɗaya ya ƙone. Wanda ya rage shi ne abincin yaranmu.

Haka na shiga takaba da dutsen guga a hannu. Kayana ba su da yawa, sai na koma kan nasa. Masu ta'aziyya su shigo su tarar ina goge rigar mamaci.

Wata tsohuwar maƙwabciyarmu 'yar Borno ta riƙe hannuna.

"'Yata, ba zai sa ba fa."

"Na sani, Iya. Batir ne ya cika."

Da yamma ta aiko mini da rubutu in sha.

Ƙanin mijina ya ji labari, ya kawo na'urar daidaita wutar, ba ta kai tafin hannu ba. Ya haɗa ta tsakanin batir da rediyo, ya ce ko rana ta sauko tsakar gida, wuta ba za ta wuce ƙa'ida ba.

Rediyon ya tsira. Washegari da rana ta take, na zauna bakin gado babu abin yi. Ranar na fara kuka.