Ranar da Baba Ya Riƙe Mini Tsani

Shekara talatin da bakwai babana ya yi yana gyaran wutar lantarki a gidajen mutane. Duk unguwa Mai Tsani ake ce masa, don kullum tsaninsa na kafaɗa, filaya da sukundireba na aljihun baya. Ba shi da yawan magana. In ya shiga gida sai ya tsaya tsakiyar ɗaki ya ce a yi shiru, ya kasa kunne ga silin.

Falonmu ne kawai bai taɓa samun lokacinsa ba. Ƙananan ƙwayayen fitila shida irin na halojin da ya sa a silin tun ina firamare su ne dai har bara, ga zafi kamar murhu, kowanne da zoben baƙi kewaye da shi. Mama takan tsokane shi cewa da maƙwabciya ce ita, da tuni an gyara mata.

Bara gwiwoyinsa suka ƙi, likita ya hana shi hawa. A lokacin ne kuma aka sallamo Mama bayan ta yi wata biyu a asibiti. Wuni take yi a doguwar kujerar falo, zafin fitilun yana sauka a kanta. Wata Asabar da safe na je gidan da ƙwayayen LED shida, irin na zamani marasa zafi. Baba ya kashe wutar gidan daga babban makunni, ya gwada har sau biyu, sannan ya dafa tsanin da hannu biyu ya ce in hau. Ni malamar makaranta ce, ban taɓa canza abin da ya wuce batirin agogo ba.

Da muka kunna, uku suka kama, biyu suka yi ta ƙifta, ɗaya ko motsi. Na ce ƙila jabu aka ba ni. Ya sa na musanya wanda ya ƙi da ɗaya mai kamawa. Ƙwan ya kama a sabon wurinsa, ramin farko ya zauna duhu. Na zaro mazaunin ƙwan na miƙa masa, ya murza shi a yatsa sai ya ɓarɓashe. Zafin shekaru ne ya cinye shi.

Masu ƙiftawar kuwa, ya ce in zura hannu in laluba wani ɗan akwati, taransifomar da ke rage wa ƙwan ƙarfin wuta.

"Ta saba da masu ci da yawa," in ji shi. "Waɗannan ba sa ci, sai ta ɗauka babu kowa."

Ya zauna a tebur ya haɗa wayoyin sabon mazauni da na sababbin taransifomomi da suka dace da LED, waɗanda ya daɗe da ajiyewa a akwatin aikinsa. Ni ke hawa ina sauka, yana gaya mini wace waya za ta shiga ina.

Kafin azahar duk shidan suka kama, fari tas. Na juyo ina jiran yabo, sai na ga Mama ta ɗora hannu a idonta. A hankali ta ce hasken irin na ɗakin asibitin da ta kwanta ne.

Baba ya ɗauki kwalin ƙwayayen ya nisanta shi da fuskarsa yana karanta lambar jiki. Ya ce laifinsa ne da bai duba ba tun farko, ya rubuta mini wata lamba a tafin hannu, ta masu haske ja-ja mai laushi. Na koma shago aka canza mini.

Da aka kunna waɗannan, Mama ta sauke hannunta ta daɗe tana duban falon. Ta ce ashe labulen nan ya koɗe haka, ba wanda ya gaya mata. Baba ya yi dariya har da tari.

Sai da na zo tafiya ya lura bakin silin ya yanke ni a yatsa. Ya zaunar da ni ya wanke wurin, ya sa auduga, ya naɗe da baƙin salatif ɗinsa na aiki. Da shi na shiga aji ranar Litinin.