Saifar Karen Maigidana

Ni 'yar malamai ce, kare ko inuwarsa ba na so. Sai Allah ya haɗa ni aure da maharbi, a wani ƙauye tsakanin Isa da Tozai, mai wani jan kare mai yankakken kunne wanda ko ruwa maigidan ba ya sha sai ya zuba masa. Idan ya dawo daga daji, tun daga bakin garka yake yin fito, karen ya amsa daga cikin gida kafin a yi mini sallama. Abin yana ba ni haushi ƙwarai.

A shekarun yaƙin Turawa aka zo ɗibar mutane aikin tilas na haƙar kuza, sunansa ya faɗo ciki. Ranar tafiya bai yi mini zancen rumbu ba, bai yi na akuya ba. Cewa ya yi, "Za ni tahiya. Karen ga amana ne, in ishe shi da rai."

Na ce, "To, ni kuma a ishe ni yadda ta yiwu ke nan?"

Ya yi dariya ya wuce.

Haka na zama baiwar kare. Ina zuba masa tuwo daga nesa ina zaginsa, yana kaɗa mini wutsiya. Da damina ta yi nisa na ga cikinsa yana tasowa ta hagu alhali haƙarƙarinsa a waje. Wata safiya ya faɗi a gindin turmi, dasashinsa fari fat. Ban san lokacin da na durƙusa na taɓa shi ba. Hannuna ya ji wani abu mai tauri ƙarƙashin awazu, nan take na gane shi, don ni ma na yi shi ina yarinya. Saifa ce.

A wajenmu duk yaron da zazzaɓi ya kumbura wa saifa, wanzami ake kai wa ya yi masa tsaga a kwiɓi, a shafa magani, a hankali ta sauka. Tawa shaidar tana nan har yau. Na saka karen a kwando na ɗauka a ka har Isa, mutane na ta dubana.

Wanzamin, tsohon da ya yi mini tawa, ya riƙe baki. "Ke ɗiyata, askag ga da nika aske kan liman za ni aza ma kare? Kin haukace?"

Na yi magiya, na yi rashin kunya, duk a banza. Na dawo gida na wasa wuƙar yankan kuɓewa, na buɗe kwiɓina ina duba tsagata, na yi masa irinta sak. Ko gurnani bai yi ba.

Kuma wallahi ya tashi! Ya ci tuwo, ya kori kaji, dasashin ya yi ja. Na bi maƙwabta ina cika baki, har ina cewa a kawo mini yara. Ba a yi kasuwa biyu ba ya sake faɗi, ya sake tashi. A karo na gaba, da hantsi, ya aza haɓarsa a kan ƙafata, bai ƙara ɗagawa ba. Na yi kuka, ni da ko sunansa ban taɓa kira ba. Na haƙa rami a bayan rumbu na rufe shi, surukata tana salati tana cewa an taɓa ganin an yi wa kare kabari?

Bayan na tsufa, jikana, wannan angon nawa marar kawo cefane da ya karanta likitancin dabbobi a Sakkwato, ya saurari labarin ya ce ciwon daji ne. Wai saifa gidan masu gadin jini ce, abin da suke kira garkuwar jiki. Ta yaro tana kumbura ne don masu gadin suna faɗa da zazzaɓi, in sun ci nasara ta sauka, da tsaga ko babu. Na ce ƙarya yake, ya ce to. Ta karen kuwa, ciwon daga naman gidan ya tsiro, masu gadin suna ganinsa suna ɗauka nasu ne. Faɗuwar da yake yi jini ne ke tsiyaya a ciki, jikin ya shanye, ya miƙe, har ranar da ya fi ƙarfinsa.

Na daɗe ina juya maganar nan. Ashe ba wuƙata ta tashe shi ba, ba kuma ita ta kashe shi ba. Jikinsa ne yake ta kokawa shi kaɗai, ni ina gefe ina karɓar yabo. Sanin ya sanyaya mini rai, amma ya zo a makare, maigidana da ya kamata in faɗa wa ya riga mu gidan gaskiya.

Shi da ya dawo daga aikin kuzar, bayan girbi ne, ina daka da la'asar. Na ji fito daga bakin garka, siriri, da tari a ƙarshensa. Gidan ya yi tsit. Ya sake yi, ya ɗan ja shi.

Na jingine taɓarya na ruga, don kada ya yi na uku.