Ɗigon da Ya Tsaya a Rumfar Wanzami

Duk wanda ya girma a Kahu ya san Malam Ishiyaku ɗan kora. Tun kafin tireloli su ƙwace sana'ar, shi ake damƙa wa shanu a kasuwa ya kora su da ƙafa, daga Kibiya ya ratsa ƙasar Rano, ya bi burtali har Kano. Bai taɓa mallakar saniya tasa ta kansa ba, kuma ba don bai samu ba ne. Hannunsa ne ba ya riƙe abu. Matarsa Dije takan ce ita dai ta auri mutumin da ke fita da riga ya dawo da singileti. Ka yi masa albishir, ko na haihuwar akuya ne, abin da ke jikinsa shi ne goronka, hula ce ko takalmi ko riga. A waje ana yabonsa, a cikin gida ana tsaki, domin masu yabon ba su ke ɗinka wata ba.

'Yarsa Zulaiha ta dawo gida da zama bayan rasuwar mijinta, saboda haka a kan idonta tsufa ya fara cin hankalin mahaifinta. Da fari sunaye ne suka riƙa zille masa. Daga baya ya fara tambayar shanun da aka yanka tun tana goye. Ƙafafunsa ne kawai suka ƙi tsufa, kuma su ne masifar. Sai ya ɗauki sanda ya ce zai leƙa masallaci, a wuni ana nemansa. Akwai ranar da mutanen Dawaki suka kawo shi a bayan babur, leɓe duk ya bushe, yana yi musu faɗa wai sun raba shi da garke. An gwada kulle shi a ɗaki sau ɗaya. Ya yi ta dukan ƙofa yana kuka, har Dije ta fizge makullin daga hannun Zulaiha.

"Ba za a kulle Malam ina raye ba," in ji ta. "In ɓata zai yi, ya ɓata da mutuncinsa."

Ɗan farinsu, Munzali, yana aiki a Kano a wani kamfani mai bibiyar motocin dakon kaya. Shi ya zo da dabara. Ya kawo wata 'yar na'ura da ba ta fi kwalin ashana ba, ya kuma sa wa Zulaiha manhaja a waya. In ta buɗe sai taswira ta fito, ta ware yatsu biyu Kahu ta matso, har rufin gidansu tana gani. A kan taswirar akwai shuɗin ɗigo, a samansa an rubuta Baba. Duk inda tsohon ya bi, ɗigon na jan zare a bayansa. A ƙasa kuma akwai wani layi da za ka ja da yatsa, ka mai da rana baya, ka ga inda yake da hantsi da inda azahar ta riske shi. Munzali ya zagaye gidan da da'ira, ya ce in Baba ya fita wayar za ta yi ƙara, in ya shigo ma za ta yi.

Ranar farko Malam Ishiyaku ya lalubo abin a aljihu, ya juya shi, ya wurga wa kaji. Sai Zulaiha ta ɗinka ɓoyayyen aljihu a cikin shuɗiyar rigarsa, wadda ba ya taka ƙofar gida sai da ita. In ya kwanta ta zare ta yi caji, kafin ya tashi ta mayar. Dije ta yarda, amma da sharaɗi.

"Kada in ji maganar nan a bakin kowa. Ku ce wa wannan na Kanon ma ya yi shiru." Ba ta faɗar sunan ɗan fari. "So kuke a ce mun rataya wa Malam ƙararrawa kamar ɗan akuya?"

Haka aka rufe zancen. A duk duniya mutum uku ne suka san abin da ke cikin rigar, kuma mai rigar ba ya cikinsu.

Gaskiya abin ya yi amfani. Zulaiha ta samu barci, ta daina yawon kunya gida-gida tana tambaya. In ɗigon ya doshi bayan gari ta tura mai babur ya taro shi. Ta kuma ga abin da ya ba ta tausayi. Munzali ya nuna mata yadda za ta tara zaren makonni a wuri guda, sai ta ga ashe ba yawon banza tsohon yake yi ba. Duk fitar da ta yi nisa, tsohon burtali yake nema, wanda gonaki suka cinye tuntuni. Yakan je bakin masarar wani ya tsaya, ya yi gabas ya yi yamma, yana neman inda hanyar ta shige. Sauran ranaku kuwa zaren gajere ne: gida, masallaci, sai rumfar Jabiru wanzami a bakin titi, inda yake wuni yana kallon masu aski. Har ta kai in ta ga ɗigon a rumfar, sai ta kifa wayar ta ci gaba da aikinta.

A tsakiyar damina, cikin marka, matar Munzali ta haihu. Ya bugo da hantsi, bayan Baba ya fita. Namiji ne, kuma ya ce sunan Baba za a sa masa. Gida ya kaure da guɗa. Zulaiha ta duba taswira ta ga ɗigon a rumfar Jabiru.

"Inna, in aika a kira shi?"

"Bar shi ya dawo," in ji Dije tana dariya. "Ni zan yi masa albishir, in ga ko yau ni ma zan samu goro."

Abin da ba su sani ba, Munzali ya buga wa Jabiru shi ma, domin shi ne wanzamin gidan, shi zai je Kano askin suna. Jabiru ya ajiye waya ya juya ga tsohon da ke zaune a kan benci.

"Baba Ishiyaku, albishirinka! Ka yi takwara a Kano."

Waɗanda ke wurin sun ce fuskar tsohon ta washe, ya dawo Ishiyakun da suka sani. Ya miƙe, ya tuɓe shuɗiyar rigar ya ɗora wa Jabiru a kafaɗa. Jabiru ya yi ta a'a, amma wa ke mayar wa dattijo goron albishir a gaban jama'a? Ya karɓa, ya yi godiya, ya rataye ta a ƙusa. Ya ga tsohon ya ɗauki sanda, ya ɗauka gida ya nufa. Shi kuma ya ja ƙofar rumfa ya hau babur zuwa wani ƙauye yin ƙaho.

Zulaiha ta duba da azahar, Baba na rumfa. Aka tsuge da ruwa, ta sake dubawa, har ta gode wa Allah da ruwan ya same shi a ƙarƙashin rufi. La'asar ta yi, ɗigon bai motsa ba, ko masallaci bai je ba, kuma nan ne ya kamata gabanta ya faɗi. Amma gida cike yake da 'yan barka, ga shi ta saba wayar ba ta yi mata ƙarya. Sai da rana ta yi ja ta yafa mayafi ta tafi da kanta. Ta tarar da rumfa a kulle. Ta leƙa ta kafar langa-langa, ta hango rigar a rataye.

Washegari makiyaya suka same shi babu rai a bakin wani rafi ta wajen Zinyau, ruwa ya ajiye shi a cikin ciyawa. Takalmansa na ɗaure a wuyansa, yadda 'yan kora ke yi in za su tsallaka ruwa. Kano ya nufa, wurin takwaransa, kuma a wannan karon ya gano hanyar.

Munzali ya iso bayan an dawo daga maƙabarta. Ya zauna a tsakar gida ya karɓi wayar, ya riƙa jan layin nan yana mai da ranar baya, yana dawo da ita. Gida, masallaci, rumfa, shi ke nan. Tafiyar da ta kashe mahaifinsa ko taku ɗaya ba ta fito ba. Ya so ya ce wani abu a kan ɓoyewar da aka yi, ya dubi uwarsa, ya haɗiye. Zulaiha kuwa ba ta zargi kowa ba sai kanta, kuma har yau ba ta daina ba.

Ranar sadakar uku mata sun cika tsakar gida, ana ta gaisuwa ƙasa-ƙasa. Ba wanda ya tuna da na'urar. Jabiru, wanda sai a lokacin ya iya haɗa ido da mutanen gidan, ya naɗe rigar ya taho da ita zai mayar. Yana sa ƙafa a zaure wayar da ke cinyar Zulaiha ta yi ƙarar nan da duk gidan ya sani. Ta duba. An rubuta Baba ya shigo gida.

Kafin ta kai hannu ta kashe, Dije ta riga ta miƙe tana gyara ɗankwali, ta nufi randa za ta ɗebo wa Malam ruwa.